Kuza da Ruwa da Turba: Tarihin Wuraren Shaƙatawa a Tsaunin Jos

Gabatarwa

An daɗe ana ɗaukar Jos da kewayenta a matsayin wurin hutu da shan iska a Nijeriya ta Arewa, har ma Jihar Filato ta ɗauki kirarin gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Idan aka tambayi ɗan makaranta wuraren da suka sa ta cancanci wannan kirari, nan da nan zai ambaci duwatsun Shere, da dutsen Riyom, da magangarar ruwa ta Assop da ta Kurra, da tafkin Rayfield inda ake shiga kwalekwale. Akan kawo waɗannan wurare tamkar dukkansu haka Allah ya ajiye su tun fil'azal, ba hannun kowa a ciki.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa yawancin abin da mai yawon shaƙatawa ke gani a bisa wannan tsauni tarihi ne ya sassaƙa shi, musamman tarihin haƙar kuza. Tafkin da ake wasa a cikinsa ramin ma'adini ne, hanyar da ake bi ta 'yan dako ce, ruwan da ake kallo yana zubowa kuwa an taɓa ɗaure shi don ya juya inji. Za mu fara daga dutsen kansa, domin shi ne tushen sauran al'amuran, sa'an nan mu bi ruwa da turba, mu ga yadda suka koma abin nishaɗi, da kuma wanda ya biya kuɗin wannan nishaɗi.

Wa da ƙane a cikin duwatsu

Tsaunin Jos, wanda Turawan farko suka riƙa kira tsaunin Bauchi, fili ne mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,600, wanda ya ɗaga sama da ƙasar da ke kewaye da shi. Matsakaicin tsayinsa daga gaɓar teku wajen mita 1,280 ne, ƙololuwarsa kuwa tana duwatsun Shere, gabas da garin Jos, inda ta kai mita 1,829. Wannan tsayi shi ya sa zafin Kano ko na Lafiya ba ya isa can, shi ya sa kuma a tsakiyar hunturu sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10.

Masana ilimin duwatsu sun raba duwatsun wurin zuwa zuriya uku. A cikin littafin da J. D. Falconer ya buga a 1911 a kan duwatsu da yanayin ƙasar Nijeriya ta Arewa, ya bambanta dutsen giranit iri biyu, ɗaya tsoho, ɗaya mai ƙarancin shekaru. Mu a nan za mu ce da su wa da ƙane. Wan shi ne shimfiɗar da yawancin ƙasar Hausa ke zaune a kai, mai shekaru wajen miliyan 600. Ƙanen kuwa ya kutso cikin wan ne daga baya, a yankin Jos kimanin shekaru miliyan 160 zuwa 170 da suka wuce. Yadda abin ya faru shi ne, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya yi aman wuta, da rumbunsa ya zube sai rufin ya rufta, sabon narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye ruftawar ya daskare a nan. Da zaizaya ta cinye saman a tsawon zamani, sai gindin ya fito fili a siffar zobe. Akwai irin waɗannan zobba fiye da 50 a Nijeriya, kuma Jacobson da MacLeod da Black sun yi musu cikakken bayani a 1958. Duwatsun Shere ɗaya ne daga cikinsu, haka ma na Ririwai a kudancin Jihar Kano.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya ja hankalin mahalarta wannan taro, musamman 'yan'uwanmu na Nijar. Waɗannan zobba ba su tsaya a kan iyaka ba. Sun jeru a layi ɗaya tun daga duwatsun Azbin, suka biyo ta Damagaram da Muniyo, suka shigo ta Dutse da Ningi, suka ratsa Jos, suka ƙare a duwatsun Afu kusa da Binuwai. Gwajin shekaru ya nuna na arewa su ne manya: na Azbin sun haura shekaru miliyan 400, na Afu kuwa wajen miliyan 140 ne. Ke nan ba abin mamaki ba ne da aka haƙi kuza a El Meki ta ƙasar Azbin kamar yadda aka haƙa a Bukuru, tun da uwa ɗaya ce ta haife su.

Kuza tana cikin ƙanen ne. Sa'ad da narkakken dutsen ke hucewa, ruwa mai zafi da tururi suka tara ƙwayoyin kuza da na kolumbait a saman dutsen da cikin jijiyoyinsa. Ruwan sama ya yi ta farfasa dutsen yana kwashe ɓarɓashinsa zuwa rafuka, da yake kuwa ƙwayar kuza baƙa ce mai nauyi, sai yashi ya wuce ita ta kwanta a gindin rafi. Wannan shi ne dalilin da ya sa haƙar kuza a Filato ta zama aikin tonon kwari da wankin ƙasa, maimakon fasa dutse, kuma shi ya sa ta bar ramuka a inda ruwa ke taruwa.

Zuriya ta uku ita ce baƙin dutsen aman wuta na baya-bayan nan, wanda wani sashensa bai kai shekaru miliyan biyu ba. Shi ne ya bar tsibin duwatsu masu baki a sama a wajen Panyam da Kerang da Miango, da tafkin Pidong da ke cikin bakin ɗayansu, da kuma jar ƙasa mai albarka wadda ake noman dankalin Turawa a kanta. A wasu wurare, kamar kwarin Ngell, malalarsa ta binne tsofaffin rafuka da kuzarsu, sai da kamfanoni suka huda shi kafin su kai gare ta.

Mararrabar ruwa

Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, watau fiye da abin da maƙwabtanta na arewa ke samu nesa ba kusa ba. Ruwan da ya sauka bisa tsaunin yakan kama hanya uku. Kogin Kaduna ya taso daga wajen Vom ya nufi Kwara. Gongola da Mada da Shemankar sun gangara Binuwai. Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar garin Jos, shi kuwa ya yi arewa maso gabas, ya zama Bunga, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, ya bi Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ashe manomin fadama a Katagum da masunci a Gashuwa suna da rabo a cikin abin da ake yi wa rafukan Jos, ko sun taɓa taka garin ko ba su taɓa ba.

A gefen yamma da kudu tsaunin ya yanke ne tsaye kamar bango, don haka rafukan da suka biyo nan dole su faɗo. Ta haka aka sami Assop a gindin Hawan Kibo, da Kwall, da Kurra, da Farin Ruwa a ƙasar Wamba wanda tsayinsa ya kai wajen mita 150, da Matsirga kusa da Kafanchan. Wannan suna na ƙarshe ma kalmar Hausa ce tsantsa, wurin da ruwa ke tsirgowa, kuma da malamanmu masu ƙirƙirar kalmomin labarin ƙasa sun waiwaye ta da sun huta da dogon bayani.

Turbobin da

Kafin zuwan Turawa, masu tsaunin, watau Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe da Rukuba da Ron da Mwaghavul da Angas da sauransu, sun san dutse a matsayin mafaka da gona da wurin ibada. A ƙarni na 19 hare-haren neman bayi daga Bauchi da Zazzau sun sa al'ummu da dama sun ƙara shigewa cikin duwatsu. Wasu na gefen arewa sun ƙulla amana da Bauchi, amma dakarun sarakuna ba su sami kafa mulki a tsakiyar tsaunin ba. Ƙauyukan Birom sun kewaye kansu da shingen ƙerana, suka bar 'yan siraran lunguna masu murɗiya waɗanda mahayin doki ba ya iya kutsawa da gudu. Suna da ƙananan dawakinsu da suke hawa ba sirdi, su fita farautar gayya da rani. A ƙasar Ron, wajen Bokkos, akwai gadojin dutse a Butura da Tading da Forof waɗanda suka girmi mulkin Turawa, an jera duwatsu ba siminti an bar wa ruwa ƙofofi, kuma Hukumar Kayan Tarihi ta sa su cikin abubuwan tarihi na ƙasa. Wanda ya ga waɗannan gadoji ba zai yarda da zancen cewa mutanen tsauni a kulle suke ba sa zirga-zirga ba; ba a gina wa hanyar da ba a bi gada.

Turba ta biyu ta fatake ce, kuma a nan ne Hausawa suka shigo labarin. Akwai garuruwa biyu masu suna Ririwai, ɗaya a ƙasar Kano, ɗaya a ƙasar Bauchi wanda ake ce wa Ririwan Dalma, dukkansu kuwa sun shahara da narkar da kuza. Mutanensu kan wanke baƙin yashin a rafuka, su narka shi a murhun yumɓu da gawayi da zugazugi, su zuba a cikin 'yan ramukan da suka huda da karan ciyawa, ya fito sirara kamar tsinke. Fatake su ɗaure tsinkayen nan dami-dami su kai Kano da Bida da kasuwannin Binuwai, inda maƙeran farfaru ke shafe tasoshin tagulla da su, su kuma yi zobba da kayan ado.

Waɗannan tsinkaye su ne suka tona asirin tsaunin. Wajen 1884 William Wallace, wakilin kamfanin da daga baya ya zama Kamfanin Neja, ya gan su a hannun fatake a Binuwai ya bincika inda suke fitowa. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, a wannan shekara kamfanin ya aiko da George Nicolaus, ya bi sawun har kogin Dilimi. A 1903 H. W. Laws ya biyo baya da sojoji, ya kafa sansani a Tilden Fulani, daga baya ya matsa Naraguta. Shigarsa tsakiyar tsaunin da bakin bindiga aka yi ta, an kuma ƙone ƙauyukan da suka ƙi. Cikin 'yan shekaru dokokin ma'adinai suka raba maƙeran Ririwai da rafukan da suke wanka, sana'ar da ta nuna wa baƙo hanya ta mutu a hannunsa.

Daga kan ɗan dako zuwa jirgin ƙasa

A shekarun farko ba mota ba jirgi. Kuzar da aka tara a Naraguta a ka ake ɗaukarta zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar mil kusan 200 ta Keffi, a dawo kuma da kayan aiki da abincin gwangwani na Turawa. Dubban 'yan dako sun hau sun sauka wannan bango na kudu maso yamma wanda a yau direbobi ke addu'a kafin su gangara shi. Da hannun jarin kuzar Nijeriya ya yi tashe a Landan daga 1909, kamfanoni suka yi yawa, kan mutum ya kasa. Sai gwamnati ta shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ta isa Rahama a 1912, ta isa Jos da Bukuru a 1914, tsawonta mil 143. A 1927 babbar hanya ta iso daga Kafanchan ta haɗa Jos da Fatakwal da kwal ɗin Inugu, ƙaramar ta fara ja da baya har aka rufe ta a 1957. Gadonta da gindin gadojinta suna nan a wurare da dama tsakanin Jos da Jengre da Rahama.

Mutanen tsaunin ba su yi ɗokin aikin albashi ba da fari, sai da haraji ya matsa musu. Saboda haka ma'aikatan farko yawancinsu 'yan cin rani ne daga Kano da Zazzau da Bauchi da Borno, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuzar Nijeriya. Da diga da shebur da kwanon sarki suka buɗe ramukan farko. Hausa ta zama harshen bariki, ta kuma bar tambarinta a taswira: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Mai Idon Toro, Mai Adiko, Dogon Dutse, Gangare. Sai dai a lura, waɗannan sunaye sun hau kan wasu ne. Wurin da muke kira Barikin Ladi, Birom Gwol suke ce masa. Turawa ma sun ɗora nasu, har wasu ƙololuwa biyu a Shere suka laƙaba wa sunan Yajuju da Majuju. Mai tafiya a ƙasa bisa tsaunin nan yana taka sunaye hawa uku, kuma kowane hawa da zamaninsa da masu shi.

Ramin da ya zama tafki

Wankin kuza aikin ruwa ne, ga shi kuwa rafukan tsaunin kan ƙafe da rani. Kamfanoni suka gina madatsai, suka yanka dogayen lambatu a jikin tuddai suna jan ruwa zuwa wurin aiki. Da kuzar saman ƙasa ta ragu aka koma tono mai zurfi, sai buƙatar famfo ta taso, famfo kuwa yana son wuta. A cikin shekarun 1920 wani kamfanin kuza ya kafa injin lantarki a magangarar Kwall, a kan kogin Ngell. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya ɗaure ruwan Kurra, daga baya ya ƙara tasoshi a Jekko da madatsai a sama don ajiyar ruwan rani. Wannan kamfani bai shiga cikin hukumar lantarki ta ƙasa ba ko bayan samun mulkin kai. Tafkunan Kurra da ake yabon kyansu, tsakanin duwatsu da itatuwa, rumbunan ruwan injin ne.

A ƙarshen shekarun 1930 aka kawo manyan injunan haƙa masu dogon wuya, waɗanda ke yaye ƙasar sama su tsibe ta gefe. A 1939 kamfanoni da dama suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya fi kowa girma a filin. Ramukan da waɗannan injuna suka bari, masu zurfi da miƙaƙƙen baki, su ne ruwan sama da na ƙasa ya cika. Ƙididdigar da aka saba kawowa ta ce tafkunan sun haura 1,000, ƙasar da haƙa ta ɓata kuwa ta kai murabba'in kilomita wajen 300, mafi yawanta ƙasar noman Birom. Dokar Ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran wurin da aka gama haƙa, amma abin da aka gyara kaɗan ne, galibi an baje tsibin ƙasa an dasa itacen turare. Kurmin turaren da ke ba tsaunin kamannin wata ƙasa daban, shi ma ashe ɗan kuza ne.

A nan ya wajaba mu dakata a kan shekaru uku. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, ta juyo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnati ta kafa aikin tilas, aka ɗora wa En'e-En'e adadin mutanen da za su kawo, hakimai da dagatai suka shiga ƙauyuka suna ɗiba. An kiyasta mutum kimanin 100,000 ne suka ratsa wannan aiki, kowane rukuni na 'yan watanni, daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauchi da Borno da Binuwai da Filato kanta. Talakan da ya saba da zafin Gobir aka kawo shi tsauni da 'yar taguwa ɗaya, ga ruwan sama, ga sanyi, ga ƙarancin abinci da matsuguni. Ciwon huhu da gudawa suka yi ɓarna, mutuwa ta fi tsanani a wurin ginin madatsar Tenti, wadda ke ciyar da injin Kurra. Masu gudu suka yi yawa, aka yi ta tambayoyi a majalisar dokokin Ingila, har aka soke tsarin a 1944. A 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta, tan 17,000 da ɗoriya. A ganinmu, duk wanda zai kai ɗalibai kallon ruwan Kurra bai gaya musu wannan ba, ya ƙware su.

Game da inda ribar ta tafi, misali ɗaya ya isa. Bisa yarjejeniyar da aka yi sa'ad da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, rabin harajin ma'adinan wannan yanki na kamfanin ne har shekara 99. Sai a 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan haƙƙi daga magajinsa, UAC, a kan fam miliyan ɗaya. Mai gonar da aka tone kuwa diyyar amfanin gona kawai yake samu, kuma kukan ƙasa na cikin abin da ya haifar da ƙungiyar ci gaban Birom a 1945.

Hutun wa?

Shaƙatawa irin ta zamani ta shigo tsaunin ne tare da waɗanda suka zo haƙa da mulki da wa'azi. Filin wasan golf na Rayfield ana lissafa kafuwarsa daga 1913, watau ya girmi isowar jirgi. Mishan ta SIM ta gina gidan hutu a Miango tun kafin 1920, domin ma'aikatanta da zafi da zazzaɓi suka galabaitar a ƙasar Hausa da Nufe. A 1938 aka buɗe masaukin Hill Station a Jos saboda ma'aikatan gwamnati masu ɗan gajeren hutu. Su ne suka fara hawan Shere ranar Lahadi, da kilisa a fili, da cin abinci a gindin Assop. Ɗan ƙasa a wannan zamani ɗaukar kwando ne nasa.

Kada a fahimce mu da cewa hawan dutse don nishaɗi baƙon abu ne ga mutanenmu. Kanawa na hawan Dala ranar Takutaha, farautar gayya ta mutanen tsauni kuwa ta haɗa motsa jiki da biki da gwajin jarunta. Abin da ya zo sabo shi ne a ware dutse da ruwa daga noma da ibada da farauta, a mai da su abin kallo zalla.

Hanyar da wannan sabon abu ya bi ya isa ga 'yan ƙasa ita ce makaranta. A 1951 Alec Dickson ya kafa cibiyar horar da matasa a Man O' War Bay, a gaɓar tekun Kudancin Kamaru, inda ake koyar da juriya da shugabanci ta hanyar hawan dutse da iyo da aikin gayya. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da Kudancin Kamaru ya bar Nijeriya, sai cibiyar ta ƙaura zuwa Kurra, daga baya makarantarta ta dutse ta zauna a Shere. Malamai da ɗalibai da 'yan sanda da ma'aikata masu yawa daga kowane lardi a nan suka fara ɗaura igiya a ƙugu. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, shi ma kuza ce ta haife shi, domin gumakan yumɓu na Nok a ramin kuza aka fara tsintarsu a 1928, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka keɓe gandun namun daji na Jos.

Shekarun nan kuma su ne na faɗuwar kuza. Kuzar da ke kusa ta ƙare, man fetur ya janye hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jari na waje suka fara naɗe tabarma, rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985 ta ƙarasa sauran. Da kamfanoni suka tafi, sai jama'a suka ga abin da za su yi da ramukan. Masu lambu, waɗanda Hausawan bakin Dilimi na cikin na farkonsu, suka sa injin ban ruwa suna noman tumatir da kabeji da karas da rani. Makiyaya suka sami mashaya. Wani ramin a Rayfield aka kawo kwalekwale da kujeru aka mai da shi wurin shan iska.

Abin da ke gabanmu

Tafkin kuza ba tafkin Allah ba ne, kuma wannan magana ce ta rai da mutuwa. Tafki na halitta yakan fara da gaɓa marar zurfi, shi kuwa ramin inji taku biyu daga baki sai zurfi, ruwansa da sanyi, gindinsa da laka mai riƙe ƙafa. Yara da dabbobi sun sha nutsewa a cikinsu, mafi yawansu kuwa ba shinge ba allon gargaɗi. Dusar da ta rage bayan an tace kuza tana ɗauke da ma'adinai irin su monazait da zirkon masu fitar da tururin nukiliya, amma mutane kan kwashe ta su yi yaɓe da ita. Masu haƙar hannu, waɗanda suka dawo da ƙarfi duk sa'ad da farashi ya tashi, suna barin rijiyoyin loto a buɗe cikin ciyawa a gefen turba. Bugu da ƙari, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, da tashe-tashen hankula tsakanin manoma da makiyaya a Riyom da Barikin Ladi da Bassa da Bokkos, sun sa an riƙa tambayar wane ne kai kafin a ce bi nan ko kada ka bi. Duk da haka ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse sun yawaita a Jos, kuma sau da yawa a kan dutsen ne 'ya'yan unguwannin da suka daina shiga juna ke haɗuwa.

Mu da ke kwalejojin horon malamai muna da hannu a cikin wannan, domin mu ke shirya waɗanda za su fita da yara yawon ƙaro ilimi. Abin da aka saba shi ne a cika mota a je Assop a ɗauki hoto a komo. Muna ganin tafiyar ƙasa ta yini ɗaya a bakin Dilimi, daga Naraguta inda mazaunin Jami'ar Jos yake zuwa Tilden Fulani, ta fi wannan amfani. A wannan ɗan taƙi malami zai iya nuna wa ɗalibi giranit ƙane da wansa, ya sa shi ya ɗebi yashin rafi a ƙwarya ya wanke har baƙar ƙwayar ta kwanta, ya nuna masa tsohon rami da lambun da ke shan ruwansa, ya gaya masa nan ne Laws ya sauka, ruwan nan kuma Chadi za shi. A nemi dattijon Anaguta ko na Afizere ya yi jagora, a biya shi ladansa, ya faɗi sunan kowane dutse da harshensa, ɗalibai su rubuta shi kusa da na Hausa da na Turanci.